Wace dabbar daji ce kuka daina gani a wajenku?

Mai buɗe zance: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ɗana ya tambaye ni kamannin ungulu. Ni da na tashi ina ganinsu jere bisa katangar mahauta a nan Damagaram, sai da na nemo masa hoto a waya. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Tsohon mahauci: Ungulu kam kuɗi ne ya cinye ta, ɗana. Masu haɗa magani ke sayen kanta, wasu har guba suke barbaɗawa a mushe don su kwashe su da yawa. Yanzu jaki ya mutu bayan gari, sai ya yi kwanaki yana wari.

Direban Tasker: Baba, naku ma da sauƙi. Na daɗe ina jan kamiyo daga Gure zuwa Tasker. Da can da asuba sai ka rage gudu saboda barewa, garke guda za su tsallaka gabanka, farin gindinsu na walƙiya cikin fitila. Tun da aikin man Agadem ya buɗe hanyoyi cikin rairayi, duk mai mota da bindiga yana kai wa inda da sai raƙumi. Na taɓa tarar da barewa biyar a bayan wata mota, jini bai bushe ba. An ware gandun dajin Termit da Tin Tumma a 2012, amma ƙidayar 2016 warwaji (farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira addax) uku kacal ta gano. Uku! Ba na ƙin mai, da shi nake ciyar da iyalina, amma wallahi ranar da na ga barewan nan na kasa cin abinci.

Wata daga Mirya: Mu namu kurciya ce da zabon daji. Masu itace da gawayi sun aske kurmin da muke tsintar magarya muna yara.

Manomin Matamai: Yaya, a wajenmu abin ya ɗan juyo. Tun da muka daina sare ƙananan gawo lokacin sassabe, muna barinsu su girma cikin gero, gonata ta yi inuwa, awaki na samun 'ya'yansa da rani. Bara na ga bushiya a gindin ɗaya, bana kuma zomo ya haihu a kan iyaka.

Direban Tasker: Madalla. Jimina fa? Ni dai sai a cikin shingen kiwon jimina na Kelle, kusa da Gure, nake ganinta yanzu. Akwai wanda ya ganta a sake?