Wuƙaƙen Moro na zamanin yaƙi: yaya kuke tantance su?

Baban Hanifa: Salamu alaikum. Na sayi wata wuƙa a gwanjo a Ingila, daga kayan wani tsohon soja. Ruwanta lanƙwashe-lanƙwashe ne irin na gunong, wuƙar Musulmin kudancin Filifin da ake kira Moro, amma kuben na fata ne mai maratayin bel kamar na soja, kuma an yi wa mariƙin zobban alminiyam. Mai gwanjon ya ce ta Yaƙin Duniya na Biyu ce. Waɗanda suka taɓa riƙe irinta su taimaka.

Ɗan Maƙera: Wa alaikumus salam, Malam. Tawa ma haka take. Bayan Japan ta shiga tsibiransu na Mindanao da Jolo a Disamban 1941, maƙera sun koma ƙira da abin da yaƙi ya zubar: alminiyam na jiragen da suka faɗo, kwanson harsashi, sifirin mota. A mariƙin tawa an jera faifan roba mai haske irin ta tagar jirgin sama tsakanin faifan ƙaho, tsari ɗaya da na faifan fata a mariƙin wuƙar Ka-Bar ta sojan Amurka. Amma tankwarar kan mariƙin da zanen gargajiya na okir na Maranao ne tsantsa, wata ƙabilar Moro. Na goge ɗan wuri a ruwan wuƙar da lemon tsami, ban ga layin ninkin ƙarfe irin na tsohuwar ƙira ba, ƙarfe guda ne. Ka gwada, amma ka wanke ka shafa mai nan take.

Alhajin Sabon Gari: 'Yan'uwa, a yi hattara. Alminiyam kaɗai ba hujja ba ne, don an ci gaba da aiki da shi shekaru bayan yaƙi. Da Amurkawa suka dawo a 1945, an ƙera wuƙaƙe da yawa don a sayar musu su kai tsaraba, kuma har gobe ana irin wannan ƙirar a Tugaya, bakin tafkin Lanao a Mindanao. An taɓa kawo mini wata mai ado sosai, ruwanta siriri, lanƙwasarsa masu tsini, ba alamar ta taɓa ganin dutsen washi. Na mayar. Wadda aka yi ɗamara da ita a daji za ka ga bakin kuben ya cinye, mariƙin ya yi santsin hannu.

Ɗan Maƙera: Gaskiyarka, Alhaji. Ni dai ina girmama ko ta tsarabar, maƙerin da ya yi ta iyalinsa yake ciyarwa bayan shekarun yunwa. Kuma mutanen nan sun yi yaƙi da gaske: a garin Tamparan, Satumban 1942, Maranawa sun far wa ayarin sojan Japan, da yawansu da makaman ƙarfe kawai, suka kusa gamawa da shi.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai. Na duba, bakin kuben ya cinye, an ma sake ɗinke maratayin da waya. Malam Ɗan Maƙera, in kankare tsatsar da ke gindin mariƙin ko in bari?

Ɗan Maƙera: Bar baƙar, ja kaɗai za ka cire da mai da tsumma. Kada sanfefa ta taɓa ta.