Likita ya ce Baba na da yanar ido, shi kuma ya ƙi yarda da aiki

Ɗan Tela:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kan mahaifinmu. Shekararsa 68, tela ne, ya fi shekara 40 a kan keke. Tun bara zura zare a allura ya gagare shi, sai ya kira jikansa. Yanzu ko Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe ba ya gani, ya ce kamar hazo ne a gabansa ko da damina. Da dare kuma in fitilar mota ta haske shi, sai ya tsaya cak a bakin titi. Sau biyu muna canza masa tabarau, a banza.

Makon jiya likita ya ce yana ce a duka idanun, ta dama ta fi kauri, kuma sai aiki. Baba ya ce ko kusa, don wani a majalisarsu ya gaya masa wai ciro idon ake yi a wanke a mayar. Ga kuma wani mai magani da ke zuwa ran kasuwa, ya ce zai kawar da ita da allura a zaune. Wai babu maganin ɗigawa da ke narkar da ita ne?

Anti Nas:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. A sashen ido nake aiki, kuma wannan zancen na ciro ido kusan kullum sai na ji shi. Ido ba ya barin gurbinsa. Sunan ne ma ke ruɗin mutane, don yanar ba a saman ido take ba. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai da haske ke ratsawa, shi ne yake dushewa ya koma kamar ruwan tsari. Yawanci shekaru ne ke jawo haka. Ciwon suga yana gaggauta ta, haka buguwa a ido, da taba, da magungunan ɗigawa masu siteroid da mutane ke saya a kemis saboda ƙaiƙayi su yi ta amfani da su wata da watanni.

Babu ɗigo ko ƙwaya da ke wanke ta. Kashe zafin wurin ake yi, mutum idonsa biyu, a ɗan tsaga gefe, a cire madubin da ya dushe, a sa na roba da aka auna daidai da idonsa. Da wuya ya wuce minti 30. Ba sabon abu ba ne, tun 1949 wani likita Harold Ridley ya fara dasa irinsa a Landan.

Mai allurar nan kuwa, don Allah ku raba Baba da shi. Tura madubin yake yi ya faɗa can cikin ido, bai cire ba, bai sa wani ba. Ranar mutum zai ga haske ya yi ta sa albarka, daga baya kumburi ko hawan jinin ido su biyo. A binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, mafi yawan idanun da aka yi wa haka an same su ba sa gani. Wanda aka kawo mana bayan allura ya fi wanda ba a taɓa ba wuyar gyara.

Maman Hanan:
Hajiyarmu ma haka ta yi ta turjewa, har da wasiyya ta bar mana. Da aka buɗe bandejin washegari, kallona ta yi ta ce, "Ke, yaushe kika yi furfura haka?" Ita da bakinta ta nemi a yi ɗayan. Wahalar tana bayan aiki ne: ɗiga magani a kan lokaci, hana ta kwalli, hana ta zama kusa da murhu. Sallah a kujera ta yi ta yi har likita ya ce ta iya sujada. Ku samo wa Baba wani tsoho da aka yi wa aikin su zauna, ya fi jin tasa a kan taku.

Abu Safwan:
Ni dai na ji ana cewa sai ta nuna ake yi. Kafin nan a gwada zuma.

Anti Nas:
Malam, zuma a sha, kada a sa a ido. Batun sai ta nuna kuma na da ne. Tunda ta hana shi ɗinki da karatu, lokaci ya yi, in ta daɗe sosai ma tana iya tayar da hawan jinin ido, shi kuwa abin da ya ci ba ya dawowa. Ɗan Tela, za a gwada suga da hawan jini kafin a shiga da shi. Bayan aiki in ya ji zafi mai tsanani ko gani ya ja baya, ku koma a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati.

Ɗan Tela:
Na gode ƙwarai, Anti. Na karanta masa. Ashe ladanin masallacinmu an yi masa shekara uku da suka wuce a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, gobe bayan la'asar zan kai Baba wurinsa. Tambayarsa ɗaya yanzu, wai bayan kwana nawa zai koma kan keke?