An ba yarona muƙamin firifet a shekarar jarrabawa: ku da kuka riƙe, yaya ta kaya?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yarona yana SS2 a makarantar kwana. A wannan zangon na uku 'yan SS3 za su miƙa ragama, kuma malamai sun sa sunansa a firifet na ɗakin cin abinci. Ga shi kuma yana ƙungiyar muhawara. Mahaifiyarsa ta ce atafau ya ajiye komai, tunda WAEC da NECO da JAMB na gabansa. Ni jeka-ka-dawo na yi, ko monita ban taɓa riƙewa ba. Don Allah wanda ya riƙe muƙami ko ya yi ƙungiya a sakandare ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan muƙamin shi na riƙe, kuma a ganina ya fi na hedboi nauyi. Hedboi a asambuli ake ganinsa, mai abinci kuwa sau uku a rana ake neman sa, kuma masu yunwa ne ke neman.

Daga sallar asuba kicin nake wucewa, in tsaya a kan masu girki ana dama koko, in ƙirga manyan kwanuka teburi-teburi, kowane teburi mutum goma. In kwano ɗaya ya yi ƙafa, ni za a tambaya. Ranar shinkafa da wake kuwa sai an yi da gaske. Abokanka na aji, waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya, su ne za su zagayo ta bayan kicin su ce a sa musu ƙari, alhali ƙarin nan daga kwanon 'yan JS1 zai fito. Ban manta wani yaro ba, ɗan ƙarami, rigarsa ta yi masa yawa. Na same shi bayan ɗakin abinci yana jiƙa garin kwaki a murfin kwano, babu sukari babu ƙuli. Da ƙyar ya yarda ya faɗa mini cewa siniyan teburinsu kwana uku ke nan yana kwashe gabzar tasu ya kai ɗaki. Daga ranar na ce babu kwanon da zai fita daga ɗakin abinci sai na marar lafiya. Na yi baƙin jini, wasu har muka gama ba sa yi mini magana.

Maganar karatu, Hajiya tana da gaskiyarta. Firef ɗin dare sau da yawa barci nake yi a kan benci, kuma lissafi sai da na sake zama. Amma laifina ne, ina da mataimaki na ƙi sakar masa aiki. In yaron zai raba kwanaki da mataimakinsa, ya karɓa.

Maman Ilham:
Baban Sadiq, ko da za a ajiye wani abu, don Allah kar a ajiye muhawara. Na shiga sakandare ko sunana ba na iya faɗa da ƙarfi a aji. Malamar Turancinmu ce ta tura ni dole. Muhawarata ta farko a kan malami da likita wa ya fi amfani ce, gwiwoyina na karkarwa, takardar hannuna ta jiƙe da gumi, minti biyar ɗin da aka ba ni ko biyu ban cinye ba. Malamar ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi duk Laraba in zo in yi mata magana ita kaɗai tana duba agogo. Kafin mu gama, ni ake ɗauka a motar makaranta zuwa gasa. Rubutun insha'i a WAEC bai ba ni wuya ba, saboda na saba jera hujja. Yau aikin jinya nake, kuma in za a yi wa mata bayani ranar awo ni ake turawa.

Abu Zarr:
Ni ta ɗaya ɓangaren zan yi magana. Leba firifet ɗinmu ya sa ni tsallen kwaɗo daga bakin get har hostal saboda na makara minti kaɗan, sannan ya miƙo mini langa-langa ya auna mini fili da rana tsaka. Kwana biyu ban iya durƙuso a sallah ba. Yaro ne ɗan shekara 17 aka danƙa wa bulala babu mai duba shi. Alhaji, in ɗanka ya karɓa, ka zaunar da shi ka ce ba ka yafe ba in ya ɗaga hannu ya doki ɗan wani.

Malam Na-Allah:
Allah ya huci zuciyarka ɗan'uwa, abin da ka faɗa ya faru da da yawanmu. Ni a MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, na yi sakatare. Ƙungiyar tun 1954 aka kafa ta a Legas, takwararta ta ɗalibai Kirista, FCS, a Gindiri ta faro a 1957, kuma a makarantarmu duka biyun suna nan. Zaure ɗaya muke da shi, don haka ni da sakatarensu muke zama farkon zango mu raba ranaku. A nan na koyi rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta, da riƙe littafin kuɗi. Naira ɗaya in ta ɓace daga kuɗin tabarmin masallaci, sai ka yi bayaninta gaban amir da malamin da ke kula da mu.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan tsarin ya bambanta. Ba malamai ke naɗa mana shugabanni ba, mu ke zaɓen wakilai a ƙarƙashin ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, USN, kuma aikinsu kai kukan ɗalibai gaban hukuma: rashin malamai, rashin tebura, jinkirin alawus. Kowane ɗalibi ya san 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy a Yamai, duk shekara ana tunawa. Na yi wakilin aji a lise, wato babbar sakandare. Na koyi tsayawa gaban manya, amma yajin karatu ya ci mana makonni a shekarar BAC, jarrabawarmu ta gama sakandare, wannan kam har yau yana yi mini ciwo.

Malama Uwani:
Ni koyarwa nake yi yanzu, kuma ina cikin masu zaɓen firifet. Alhaji, muƙamin ɗakin abinci ba a ba yaron da ake shakkar amanarsa, saboda haka wannan shaida ce a kan tarbiyyar gidanku. Abin da ke damuna shi ne ƙungiyoyin suna mutuwa muna kallo. A zamaninmu akwai JETS ta masu son kimiyya, akwai sikawut, da Red Cross, da ƙungiyar manoma matasa mai gonarta a bayan makaranta, da 'yan jarida masu karanta labarai a asambulin Litinin. Yau lokacin ƙungiya an mai da shi lesin, iyaye ma shi suke so. Sai ka ga yarinya da kiredit tara, ka ce ta tashi ta yi jawabin godiya ta kasa. Ku nemi malamin da ke kula da ɗakin abinci, ku roƙi a ɗauke wa yaron aikin dare daga zango na biyu na SS3. Ana yi, mun sha yi.

Abban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyarsa duka, labarin yaron nan mai garin kwaki ya sa ta yi shiru. Ta amince, da sharaɗin in sakamakon zangon farko ya yi ƙasa zai ajiye muƙamin ya riƙe muhawara. Ranar ziyara za mu je tare mu ga malamin, kuma saƙonka Abu Zarr da bakina zan faɗa masa. Ɗan Birni, yaya ya kamata su raba kwanakin da mataimakin, mako-mako ko kwana-kwana?