Me za mu kira "pip" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Kwana uku ke nan ina rubuta 'yar manhaja da Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, wadda za ta zana katunan karta 52 da kanta, ta fitar da su a SVG, wani nau'in fayil ɗin hoto, don mai son buga tasa kartar ya sauya hotuna kawai. Da Hausa nake rubuta bayanin cikinta, sai na cije a kalma ɗaya: "pip". Wato 'yan siffofin nan na jikin kati, biyar a katin biyar, tara a katin tara. Daga ɗaya zuwa goma 55 ne, sau huɗu 220. Abu ya kai 220 a karta ɗaya, a ce ba shi da suna?

Da na nemi shawarar mutane, na fara da "ɗigo". Wani malami ya taka mini birki: "Ɗan'uwa, ɗigo ba shi da sama da ƙasa, ko ta ina ka juya shi ɗigo ne." Gaskiyarsa. Ɗauki katin goma na zuciya ka duba: biyar na sama a tsaye suke, biyar na ƙasa a kife. A manhajar ma sai na juya na ƙasan da digiri 180, don katin ya karantu ta kowane ɓangare.

"Alama" ta yi faɗi, lambar kusurwa ma alama ce. Wata ta kawo "ƙwaya", na so ta, har wani ya ce yana jiran ranar da zan ce wa mai ɗab'i ya ƙara mini ƙwaya biyu. Aka yi ta dariya, ƙwaya ta faɗi.

Sai wani dattijo ya shigo: "Yaro, ka taɓa zama gindin masu dara? Akwai gurbi, akwai ɗa. Gurbi ba ya motsi, 'ya'ya ake sauyawa."

Baba, Allah ya ƙara girma. Ko da ma abin da manhajar ke yi ke nan, ban dai lura ba. Kati mai faɗin milimita 63.5 da tsawon 88.9 na raba shi layi uku a tsaye, na ajiye jerin wurare ga kowace lamba. Waɗannan su ne gurabe. Abin da za a dasa ciki, zuciya ce ko tauraro irin na Whot ko ƙwarya, shi ne ɗa. Sau ɗaya za ka rubuta jerin guraben lambobi goman nan, sannan kowane "suit", wato rukunin katuna masu siffa ɗaya, wanda muka ce dangi, ya zuba 'ya'yansa. Katin bakwai ne ya wahalar da ni: gurabensa na shida ne da ƙarin ɗaya, ni kuwa na dasa shi tsakiyar kati cif, alhali tsakanin sahun sama da na tsakiya yake zama.

Wani ya yi gyara: a ce "'ya'yan kati", don "'ya'yan karta" za a zaci katunan ake nufi. Na karɓa.

Saura rubutu. Python 3 ya yarda da ɗ a sunan abu cikin manhaja, amma waƙafin saman da ke 'ya'ya ya ƙi shi ƙememe. Wani ɗan'uwa daga Nijar ya ce in rubuta irin nasu, ƴaƴa. Na gwada, ya wuce lafiya lau.