Abin da masu zane ke cewa kan garuruwan tudu na Italiya

Da aka tattara shawarwarin masu zane da suka sha zagaya yankunan Tuskani da Umbiriya na Italiya, abin da kowa ya fi nanatawa shi ne rage kaya. Tsofaffin garuruwan nan a kan tudu aka gina su saboda tsaro, lungunansu duk dutse ne, hawa da gangara. Ƙaramin akwatin fentin ruwa, littafin zane mai kaurin takarda da kujerar naɗewa sun wadatar. Wanda ya kinkimo ƙaton allo zai gane kurensa tun bai kai dandali ba.

Mota kuwa a bar ta bayan ganuwa. Tsakiyar gari akwai alamar ZTL, wato wurin da aka taƙaita shigar motoci, kyamara na ɗaukar lamba, takardar tara ta biyo mutum har gida bayan watanni. Garin Orvieto da sauƙi, jirgin igiya ke ɗauke ka daga tashar jirgin ƙasa zuwa sama. Civita di Bagnoregio sai da ƙafa, ta doguwar gada, ga kuɗin shiga.

Inda aka ja da juna shi ne wurin da za a zauna a yi zanen. Wasu suka ce cikin gari, da sassafe kafin 'yan yawon buɗe ido su cika ko'ina. Ni ina bayan masu cewa a fita: hasumiyoyi 14 da suka rage a San Gimignano ba sa haɗuwa a takarda ɗaya sai daga gonakin inabi. Cocin Orvieto da aka fara ginawa a 1290 kuma, a jira la'asar, lokacin da rana ke dukan adon zinariyar fuskarsa.

Agusta fenti na bushewa a kan buroshi. Mayu ko Satumba sun fi.