Turbo a Corolla ta zuwa aiki: ƙarin ƙarfi ko kashe inji?

Nura Agege: Assalamu alaikum jama'a. Corolla ce da ni ƙirar 2006, mai injin 1.8, atomatik. Ita nake shiga kullum daga Agege zuwa Apapa. Wani abokina ya ce in sayo turbo ɗan Beljiyam a kasuwar kayan mota ta Ladipo a ɗaura mata, wai za ta ƙara ƙarfi kuma ta rage shan mai. Naira dubu 500 na ware. Masana, ku faɗa min gaskiya.

Sadik Obalende: Wa alaikumus salam Yaya Nura. Abokinka bai yi ƙarya ba. Dubi Honda Civic ta 2016: injinta 1.5 ne kawai, amma da turbo tana ba da ƙarfin doki 174. Taka mai 1.8 ba ta wuce 130 ba. Hayaƙin da ke fita ta salansa a banza shi ke juya turbo, shi kuma ya cusa wa inji iska. Ƙarfi ne da kake zubarwa kullum a titi.

Oga Haladu bakanike: Sadik ƙanena, wannan Civic ɗin tun daga kamfani aka ƙera injinta don turbo. Fiston ɗinta, hanyar baƙin mai, ƙwaƙwalwarta (kwamfutar da ke sarrafa injin), duk da lissafinsa aka yi su. Corollar Malam Nura ta kusa shekara ashirin a kan titi. Injin nan 1ZZ an san shi da shan baƙin mai idan ring ɗin fiston ya gaji. Ka ƙara masa matsi a haka, gasket zai fara ƙonewa, daga nan inji ya buga. Malam Nura, kada ka taɓa.

Injiniya Bashir: Oga Haladu, ina tare da kai a rabi. Cewa ba ya yiwuwa sam, ban yarda ba. A Amurka masu sha'awar mota sun daɗe suna sa wa wannan injin turbo, suna tsayar da matsin a psi 5 zuwa 7, kuma yana ɗauka. Psi ma'aunin matsi ne, matsin iskar da muke shaƙa kuma psi 14.7 ne, ka ga psi 7 kusan ƙarin rabin iska ke nan. Inda maganar ta karye shi ne kuɗi. Turbo ɗin kansa shi ne mafi arha a aikin. Sai an ƙera sabon bututun hayaƙi da zai zauna a kai, a ja masa layin baƙin mai shiga da fita, a sa intakula mai sanyaya iskar, a canja nozul masu fesa fetur zuwa manya. Babban abin kuma, ƙwaƙwalwar motar ba ta san da wannan iskar ba. Sai an ƙara wata na'ura, an samo wanda ya iya saita ta da kwamfuta. Idan mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, fiston narkewa yake yi.

Sadik Obalende: To ai ka ce yana yiwuwa, Injiniya. A fara da abin da ke hannu, a riƙa ƙarawa a hankali.

Injiniya Bashir: Wannan aikin ba a yin sa rabi-rabi, Sadik. Ranar da turbo ya fara hura iska, ranar ake buƙatar komai. Sannan ka janye maganar rage shan mai. Civic tana tsimi ne saboda injinta ƙarami ne tun asali, kuma kai tsaye take fesa mai cikin silinda. Injin Nura 1.8 ne, 1.8 zai zauna. Ƙarin iska sai da ƙarin fetur, kuma lokacin da turbo ke aiki da gangan ake ƙara man don a rage zafi.

Oga Haladu bakanike: Ka ƙara da irin fetur ɗinmu. A waje mai turbo yana zaɓar man da ya fi jure matsi. Mu nan ka shiga gidan mai, nau'i ɗaya za a zuba maka. Idan man ya kama wuta kafin lokacinsa za ka ji injin na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wanda bai sani ba sai ya ci gaba da taka totur har ya kashe injin. Kuma turbo na Beljiyam ba ka san tarihinsa ba. Abu ne da ke juyawa sama da sau dubu 100 a minti ɗaya. Sandarsa ta ɗan yi lilo, baƙin mai zai riƙa tsiyaya cikin inji.

Maman Khalifa Idi-Araba: Ni ba bakanike ba ce, amma ina tuƙi a garin nan. Malam Nura, a ina za ka yi gudun? Daga Agege ka biyo Oshodi ka nufi Apapa cikin tireloli da tankoki, ƙafarka a kan birki take wuni.

Injiniya Bashir: Hajiya ta taɓo inda ya fi damuna. A gosulo injin yana ƙasa-ƙasa, hayaƙin bai isa ya juya turbo da ƙarfi ba, saboda haka ba ka samun komai sai zafinsa a ƙarƙashin bonet. Intakula kuma sai iska na bugun ta take sanyaya wani abu, ga shi tana tare gaban lagireto. Mota a tsaye, rana ta take, ga AC a kunne. Damina ta zo kuma, wasu masu wannan aikin ƙasa suke saukar da matatar iska kusa da bamba. Ka shiga ruwan da ke kwanciya a titunan Legas, injin ya zuƙa, an gama.

Sadik Obalende: Kuna magana kamar kullum a gosulo ake. Gadar Third Mainland kusan kilomita 12 ce. Hanyar Ibadan fa? Mutum ya zo wuce tirela mota ta ƙi tashi, wannan ma hatsari ne. Ba kowa ke son ƙarfi don wasa ba.

Alhaji Sabo Mile 12: Yaro, maganarka ta wuce tirela gaskiya ce, na karɓa. Amma ka tuna wannan motar ce za ta kai iyalinsa gida da Sallah. Darajar Corolla ita ce ko a Jebba ko a Mokwa ta tsaya, bakaniken bakin hanya ya san ta, kayanta kuma suna nan. Ka cika ta da bututun walda da wayoyin da mutum ɗaya ne a Legas ya san kansu, wa zai taɓa maka ita a can? Ranar sayarwa kuma mai saye yana buɗe bonet zai ja da baya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, abin da ke cin aljihunmu fetur ne. Nura, in tsimi kake nema, ka bincika mayar da ita mai amfani da gas na CNG.

Oga Haladu bakanike: Alhaji, gas yana rage kashe kuɗi, amma ya sani tukunyar za ta cinye masa but, ƙarfin motar kuma zai ɗan ragu. Shi kuwa ƙarfi yake kuka da shi.

Nura Agege: Gaskiya abin da ya fi damuna shi ne nauyin da take yi in na kunna AC ko na hau gada. Da ba haka take ba.

Oga Haladu bakanike: Ka gani? Ashe motar ba ƙarin ƙarfi take nema ba, nata na asali ne ya zube. Fulogi, matatar iska, nozul da suka toshe, famfon mai da ya yi sanyi, ko tukunyar tace hayaƙi ta cushe. Yaushe rabonka da canja man giya?

Nura Agege: Tun da na saye ta ban canja ba, Oga.

Sadik Obalende: A gyara ɗin, ban ƙi ba. Amma ina nan a kan bakana: lafiyayyen inji da ƙaramin matsi zai yi shekaru.

Injiniya Bashir: Da lafiyayyen inji, da ƙwararren mai saiti, da kuɗin da ya ninka na Nura, da wata motar da zai shiga ranar da wannan ke gareji. Giyar atomatik ɗin ma ba mu tattauna ko za ta ɗauki ƙarin ba.

Oga Haladu bakanike: Malam Nura, kawo ta Mushin ranar Asabar da safe kafin hanya ta cushe. Za mu sa kwamfuta, mu auna matsin silinda huɗun ɗaya bayan ɗaya. Sadik, kai ma ka zo ka ga abin da allurar za ta nuna.