Wai shafin da na yi da Notion ba shafi ba ne?

Ɗan Notion: Salam jama'a, wlh yau raina ya ɓaci. Na zauna na gina shafin yanar gizo na sana'ata da Notion, manhajar nan ta rubuta bayanai, na sa hoto a sama, sunan sana'a a ƙarƙashinsa, tsakiya na raba gida uku kowanne da irin aikin da nake yi, can ƙasa lambar waya, na danna Publish ya ba ni adireshi mai ƙarewa da notion.site kowa na iya buɗewa. Sai wani da nake ganin girmansa ya kalla ya ce wasan yara ne. To ni dai masu karɓar kuɗin mutane don shafi ɗaya tal irin wannan su ji tsoron Allah, abu ne da kowa zai iya da kansa.

Injiniya: Tsaya tukuna ɗan uwa. Gina ka ce? Me ka gina? Gidan haya ka shiga ka jera kujeru kake cewa ka yi gini. Ran da mai gida ya canja doka sai ka bi.

Sabon Shiga: Dan Allah Notion ɗin nan shi ne Notepad na kwamfuta?

Injiniya: A'a ƙanina, da ma Notepad ya ce da na sara masa. Can za ka rubuta HTML, wato kod ɗin da ake gina shafi da shi, da hannunka, header a sama, main a tsakiya, footer a ƙasa, ka ajiye fayil ɗin da suna index.html, ka buɗe a burauza, in kana son gida uku ka sa grid a CSS, kod ɗin da ke tsara kamannin shafi. Wannan shi ne gini.

Yaya Mai Zane: Haba Injiniya, to masu WordPress fa? Tun 2003 mutane ke haɗa shafi da shi, da yawansu ba su taɓa rubuta layi ɗaya na kod ba kuma ban ji ka ce ba su gina ba. Ko don kai ma da shi kake wa mutane aiki ne?

Injiniya: Yaya da girmanki, kar ki sako aikina a ciki.

Yaya Mai Zane: Ai kai ka sako, kullum aka yi maganar shafi sai ka ɓullo da index.html, bayan kwana biyu mu ga tallar ajin koyon kod.

Na Obsidian: Ku duka kun bar hanya. Matsalar ba gina ko jera ba ce, Notion ne kawai bai dace ba. Ni Obsidian nake amfani da shi, shi ma manhajar rubuta bayanai ce, komai fayil ɗin Markdown ne, wato rubutu zalla, a kan na'urata, ko babu intanet nawa ne.

Ɗan Notion: Malam wa ya tambaye ka? Kuma Publish ɗin Obsidian ai biya ake yi, nawa kyauta na fitar. In na ga dama ma zan iya sauke shafin a matsayin HTML ko Markdown.

Na Obsidian: Kyauta da sunansu a jikin adireshinka. Sa naka adireshin mu ga ko ba za ka biya ba.

Dattijon Gida: Yara ku yi a hankali. Shafin farko a duniya da Tim Berners-Lee ya fitar a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a 1991 rubutu ne zalla da linki, ba hoto ba ado, kuma har yau sunansa shafi.

Injiniya: Yauwa Baba, kuma HTML ne, ka ga maganata ta fito.

Yaya Mai Zane: Ina ta fito? Baba cewa ya yi ado ba shi ne shafi ba, goyon bayanmu ya yi.

Dattijon Gida: Ni ban goyi bayan kowa ba.

Sabon Shiga: Na buɗe shafin nasa a waya, gida ukun nan sun koma layi ɗaya wani kan wani, haka yake dama ko ya lalace?

Yaya Mai Zane: Haka yake yi a ƙaramin allo ƙanina, bai lalace ba, kuma wanda ya rubuta da Notepad sai ya zauna ya gyara wannan da kansa, amma Injiniya ba zai faɗa maka ba.

Injiniya: Layi uku ne a CSS, kar ki tsorata yaro.

Ɗan Notion: Har yanzu fa ba wanda ya taɓa maganar kuɗin da ake karɓa a hannun mutane.

Admin: To ya isa haka. A taƙaice abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda Notion wurin ajiye rubutu ne, shafi na gaskiya sai da HTML kamar yadda Injiniya ya yi bayani da hujja, Baba ma ya tabbatar. Yaya Mai Zane a rage zafi. Mai son koyo ya yi wa Injiniya magana ta gefe, ni ma a wurinsa na koya. Na rufe.